Amsa: ma'anar kalmar "bright" da asalinta

Malam, ka tambaya ko "bright" haske kaɗai take nufi. A'a. Asalinta "beorht" ce a tsohon Turanci, wato mai sheƙi, daga baya harafin r ya dawo kafin wasalin. Shi kuwa "gh" ɗin da ba a furtawa yanzu, da can daga maƙogwaro ake fito da shi. Saiwar nan ce a ƙarshen sunayen Albert da Robert.

Yau ana faɗinta ga rana ko fitila, ga yaro mai kaifin basira, har da makoma mai kyau. Wajen launi ne ɗalibai ke tuntuɓe, suna haɗa ta da "light": "bright green" kore ne shar, "light green" kuwa korensa bai kama sosai ba.