Talotalon daji a gonar mai shanu: amsa ga yarona

Yarona, na ga saƙonka. Ka ce manomin nan mai shanun madara ya kira ka, talotalon daji kusan talatin sun addabe shi, suna yaga tamfol ɗin da ya rufe datsattsiyar masarar shanu, wani babban namiji kuma ya tsattsage masa fentin mota. Ya ce gonarsa ce, ka zo ka harbe su, ko ka kama su ka kai wani daji. Ka tambaye ni ko ka karɓi aikin.

Ka karɓa, amma ba yadda ya faɗa ba. Ƙasar tasa ce, tsuntsayen ba nasa ba ne. A nan jihar New York doka ta ce namun daji mallakar jiha ne, ko a tsakar gidanka suke kwana. Lasisin da muke aiki da shi na kawar da dabbobi masu ɓarna bai ba mu damar taɓa talotalo haka kawai ba, sai da takardar izini daga hukumar kare muhalli ta jiha, wato DEC. In ka harba babu ita, tara ce, kuma lasisinka na iya tafiya. Manomin zai ci gaba da tatsar shanunsa, kai ne za ka rasa sana'a. Kamawa a kai wani wuri ma laifi ne, kuma da dalili: tsuntsun da ya saba da mutane can ma gidan wani zai nufa, ga shi yana iya kwasar cuta ya kai wa wani garke. Guba kuwa kada ma ka bari a ambace ta a gabanka.

Na san abin zai yi maka banbaraƙwai, kai da ka taso inda zabon daji in ya shiga gona sai dai a ji ƙamshinsa a tukunya. Amma mutanen nan sun taɓa rasa tsuntsun gaba ɗaya. Sare daji da farauta ba ƙa'ida suka ƙarar da shi a jihar nan tun wajen shekarun 1840. Sai kusan 1948 wasu suka tsallako daga Pennsylvania. An gwada sakin na kiwo, suka kasa rayuwa a daji. Daga 1959 aka koma kama na dajin da raga a yankin Allegany ana rarraba su, har jihohin maƙwabta suka samu iri daga nan. Wanda ya sha wannan wahala ba zai bar kowa ya yi hukunci da kansa ba, kuma ni ina ganin gaskiyarsu.

To, ga inda aikin yake. Kafin ka yi wa manomin alkawarin komai, ka kafa kyamara biyu, ɗaya a bakin rumbun masarar, ɗaya a gefen gona, ka bar su kwana uku ko huɗu. Talotalo da rana yake yawo, yana kwana a kan bishiya. Shi ake gani, saboda haka shi ake ɗora wa laifi. Sau da yawa da na duba hotunan dare, sai in tarar barewa ce da rakun, wata ƙaramar dabbar daji mai yawon dare, suke aika-aikar, talotalo kuwa da safe yake zuwa tsintar abin da suka zubar, ya haɗa da fara da tsutsa. Na taɓa zama da wani manomi muna kallon hotunan nan, ya yi shiru ya daɗe, don shekara biyu yana zagin tsuntsun da bai ci masa komai ba. Ban ce kullum haka ne ba. Lokacin da dusar ƙanƙara ta rufe ƙasa, da gaske suna afka wa abincin shanu, su yaga tamfol, iska ta shiga masarar ta ruɓe, su kuma bar kashi a ciki. Wannan asara ce ta gaske, kada ka raina masa ita.

In ɓera na da sata, daddawa ma na da wari. Ka zagaya gidan ka nemo abin da ke kiransu: hatsin da ke zuba wajen loda mota, fuskar rumbun da ake bari a buɗe, abincin tsuntsaye da uwargida ta rataye a baranda. A share, a rufe da raga mai ƙarfi, a danne tamfol da tayoyi sosai. Sannan kora, kullum, har mako biyu ko uku ba fashi: kare a igiya, tiyon ruwa, ƙarar kwano, buɗe lema a fuskarsu. Kowa a gidan ya sa hannu, har yara manya, kuma kada wanda ya juya musu baya ya gudu, domin suna da tsarin babba da ƙarami a garkensu, wanda ya gudu sun sa shi a ƙasa ke nan.

Maganar mota mai sauƙi ce. Namijin talotalon inuwarsa yake gani a fenti, ya ɗauka wani namiji ne ya zo masa takara, musamman daga Maris zuwa Mayu lokacin barbara. A rufe motar ko a sa ta a gareji.

In manomin yana son a rage yawansu, akwai hanyar halal. Farautar bazara daga 1 zuwa 31 ga Mayu take, daga rabin awa kafin fitowar rana zuwa tsakar rana, talotalo masu gemu kawai ake harbi, wato masu tuntun gashi a ƙirji, biyu ga mafarauci a kakar. Akwai wata kuma a watan Oktoba. Ya gayyaci masu lasisi da izinin talotalo. Ba a zuba musu hatsi a yi kwanto, ba a amfani da raifil, wato bindiga mai dogon zango, ba a kuma harba bindiga ƙasa da ƙafa 500 daga gidan wani sai da yardarsa. Garken da ake yi wa farauta yakan koma jin tsoron mutum.

Idan duk an yi wannan ɓarnar ba ta tsaya ba, sai mu tattara hotuna, da ranaku, da lissafin abin da ya lalace, shi manomin ya kira ofishin DEC na yankinsa ya nemi izini. Ka ɗauki kyamarorin a shago gobe da safe, batir na cikin akwatin ƙasa, ranar Asabar zan biyo ka mu duba hotunan tare.