Tambaya da Amsa: Neman Gurbin Digiri na Biyu a Fannin Zayyana

Wasiƙun wannan karon duk a kan abu guda suka zo: yadda ake samun gurbin karatun gaba da digirin farko a fannin zayyana, wato zanen talla da ɗab'i, saƙa da rini, tangaran, da tsara kayayyakin masana'antu. Mun zaɓi biyar, mun taƙaita su saboda ƙarancin fili.

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina da HND a zanen talla, na fita da ƙaramin kiredit, na kuma gama hidimar ƙasa. Ina son yin mastas a Zariya. Za a ɗauke ni kai tsaye? (Mai karatu daga Kaduna)

Amsa: Wa alaikumus salam. Kai tsaye kam a'a, ɗan'uwa. A jami'o'in Najeriya mai HND sai ya bi ta PGD, wato diflomar da ake yi bayan digiri, wadda ke ɗaukar kimanin shekara guda. Gama ta kaɗai ba ya isa. Akwai makin da ake so ka fita da shi kafin a ba ka mastas, wasu wuraren 3.0 cikin 5.0, wasu 3.5. Don haka ka shiga PGD da niyyar haura 3.5, ka huta. Jami'ar Ahmadu Bello tana da Sashen Zayyanar Masana'antu, haka ma ATBU Bauchi, da Jami'ar Modibbo Adama ta Yola, da FUTA ta Akure. Sai dai ba kowane sashe ke buɗe kowane kwas a kowace shekara ba, saboda haka ka karanta sanarwar shekarar da kanka kafin ka sayi fom.

Abu biyu ne suka fi kayar da mutane tun kafin takardunsu su isa sashe. Na farko sakamakon sakandare. Ana neman kiredit biyar, har da Ingilishi da Lissafi, a zama ɗaya ko biyu. Wanda ya samu ya wuce folitaknik da fas a Lissafi yakan ɗauka maganar ta wuce, sai ga ta ta dawo a wajen tantancewa. In haka naka yake, ka sake zama jarrabawar WAEC ko NECO ta masu zaman kansu tun yanzu. Na biyu tiransikirif, wato takardar da ke ɗauke da makin kowane darasi da ka yi. Makarantarka ce za ta aika da ita zuwa Makarantar Karatun Gaba da Digiri ta jami'ar, ba a karɓar wadda ka riƙo a hannu. Aikawar takan ɗauki makonni, wani lokaci watanni, don haka ranar da ka sayi fom ranar za ka biya kuɗinta, ka kuma riƙa bin sawu. Ka duba sunanka a duk takardun. In wata ta ce Muhammad wata ta ce Mohammed, ko an sauya jerin sunayen, ka je kotu ka yi takardar rantsuwa kafin a tambaye ka.

Tambaya: Digirina a kimiyyar kwamfuta ne, na fita da 2:2. Shekara shida ke nan ina tsara fasta, tambarin kamfanoni da katin biki. An ce sai na kawo fotfoliyo. Me ake zubawa a ciki? (Mai karatu daga Kano)

Amsa: Malam, 2:2 ya kama daga 2.40 zuwa 3.49, kuma wasu sassan ba sa duban wanda bai kai 3.0 ba, to ka fara sanin inda ka tsaya. Tunda kuma digirinka ba na fannin ba ne, mai yiwuwa a gida a ce ka fara da PGD. A ƙasashen waje sun fi sassauci a kan wannan, muddin aikinka ya gamsar da su. Shi ya sa fotfoliyo, wato kundin ayyukanka, shi ne abin da ya cancanci ka ba shi lokaci fiye da komai.

Kuskuren da masu sana'a irinka suka fi yi shi ne tara fasta arba'in masu sheƙi a jera su. Malamin da ke tantancewa ba kwastoma ba ne. Ya san kowa na iya sauke samfuri daga intanet ya sauya rubutu. Abin da yake nema shi ne yadda kake tunani: wace matsala aka kawo maka, me ka bincika, me ka gwada ya ƙi, don me ka tsaya a kan wanda ka tsaya. Saboda haka ka zaɓi ayyuka huɗu zuwa shida kacal, ka ba kowanne shafi uku ko huɗu. Shafin farko ya faɗi matsalar a layi biyu ko uku, misali tambarin mai sayar da kilishi da ake so ya fito sarai a kan ƙaramar leda da kuma babban allo. Na biyu ya nuna zanen fensir, da hotunan abin da ka je ka gani a kasuwa, da zaɓuɓɓukan da ka watsar. Na ƙarshe ya nuna aikin a inda ake amfani da shi, a kan ledar ko a jikin shagon. Kada ka ji kunyar zanen hannu don bai yi kyau ba, shi ne shaidar cewa aikin daga kanka ya fito.

A ƙarƙashin kowane aiki ka rubuta sunansa, shekara, kayan da aka yi da su, da girmansa. In ku uku kuka yi, ka faɗi naka ɓangaren. Ɓoye wannan yakan tonu a ganawar baki, domin tambaya ɗaya a kan dalilin zaɓen kala ko salon harafi ta isa ta nuna wanda bai yi aikin ba. Mafi ƙarfin ayyukanka ya zo farko. Ka sa aƙalla guda ɗaya da ba kwastoma ne ya sa ka ba, kai ka ga matsala ka ɗauko ta, kamar takardar bayanin shan magani ga wanda ajami kaɗai yake karantawa. Irin wannan aikin ne ke nuna cewa kana da abin da za ka bincika har tsawon shekara biyu.

Abin da ake iya taɓawa, kamar tukunya ko ƙyalle, a ɗauki hotonsa da hasken rana a inuwa, a gaban farin bango, ba da filashin waya ba. A haɗa duka a fayil ɗin PDF guda, shafi goma sha biyar zuwa ashirin, a kuma duba iyakar nauyin fayil da makarantar ta sa, don shafin neman gurbi yakan ƙi karɓar wanda ya wuce. In a gida ne kuma aka kira ka ganawa, ka tafi da littafin zanenka na ainihi.

Tambaya: Ni malamar makaranta ce, digirina a fannin saƙa da rini. In na samu gurbi, me zan tarar a cikin kwas ɗin, kuma zan iya haɗa shi da aiki? (Mai karatu daga Katsina)

Amsa: Malama, ki sa a ranki shekara biyu, wato zango huɗu, in komai ya tafi daidai. Zango biyu na farko darussa ne: dabarun bincike, tarihi da ka'idojin zayyana, zane da kwamfuta, gabatar da maƙala, da aikin situdiyo a ɓangarenki. Makin cin darasi 50 ne, ba 40 ko 45 na digirin farko ba. Daga nan sai ki kare daftarin bincikenki a gaban malaman sashe, ki yi aikin, ki kare shi a cikin gida, sannan a gaban mai jarrabawa daga wata jami'a, galibi tare da baje kolin abin da kika samar. Ki tambaya tun farko wane irin digiri ne: MFA, wato mastas na fasahar zane, ya fi karkata ga aikin situdiyo, MA da M.Tech sun fi nauyi a rubutaccen bincike. In kina da burin digiri na uku, ki kula da makinki tun zangon farko, don shi ma yana da iyakar da ake nema.

Inda ɗalibai ke maƙalewa shi ne daftarin bincike, kuma kusan kullum dalilin faɗin take ne. "Rini a ƙasar Hausa" ba take ba ne, littafi goma ne. Ki matse shi har ya zama abin da za a iya aunawa. Ga misali. An san shunin baba yana zuba in an goga shi, domin a bayan zare yake zama. Sai ki ɗauki auduga iri ɗaya, ki rina a marina irin ta Ƙofar Mata da haɗin baba da toka da katsi, wani yanki a tsoma sau uku, wani shida, wani tara, ana barin kowanne ya sha iska tsakanin tsomawa har ya juye daga kore zuwa shuɗi. Sannan ki auna jurewar wanki da ta guga da ma'aunin da ke tafiya daga 1 zuwa 5, ki kwatanta da rinin kanti. Daga sakamakon ki tsara tufafi ko labule. Wannan yana da tambaya, yana da hanya, yana da ƙarshe, kuma masu rini za su amfana da shi.

Ki ajiye littafin gwaji tun ranar farko: nauyin kowane haɗi da giram, yawan ruwa, tsawon lokaci, da guntun ƙyallen a manne a gefe. Ɗalibin da bai rubuta ba, ko ya dace da kala mai kyau ba zai iya maimaita ta ba, kuma mai jarrabawa zai ce dace ne. Masu tangaran ma haka: farar ƙasar Ƙanƙara ita kaɗai ba ta da danƙo, sai an haɗa ta da yumɓu mai danƙo, kuma kafin a gasa babban aiki sai an gwada ƙananan fale-fale, a ja layin santimita 10 a kan kowanne don a ga yadda ya tsuke. Gashin farko yakan tsaya tsakanin digiri 900 da 1000, na biyu ya haura 1200, kuma abin da bai bushe sarai ba fashewa yake yi.

Kayan aiki daga aljihunki za su fito, zare da rini da kuɗin gwaji da na baje koli, to ki yi musu kasafi daban da kuɗin makaranta. Batun haɗawa da aiki kuwa, shawararmu ki nemi hutun ƙaro ilimi a rubuce, aƙalla na shekarar farko. Ana iya rubutu da dare, amma masaƙa da marina suna son wuni.

Tambaya: Ina son yin mastas ɗin zayyana a Ingila, in tafi da iyalina. Me ake buƙata? (Mai karatu daga Abuja)

Amsa: Mu fara da iyali, ɗan'uwa, don kada ka yi asarar kuɗi. Tun Janairun 2024 mai mastas na darussa, wato wanda ake koyarwa a aji, ba ya tafiya da mata da 'ya'ya a kan bizarsa, sai mai digirin bincike ko wanda gwamnati ta ɗauki nauyinsa. Mastas ɗin zayyana kuwa galibi na darussa ne, shekara guda, kiredit 180, wato ma'aunin nauyin darussa. Za su nemi digiri mai 2:1 ko 2:2, da fotfoliyo, da bayanin dalilinka na neman kwas ɗin, da wasiƙun shaida. A Ingilishi yawanci 6.5 ake nema a jarrabawar IELTS, wadda sakamakonta ke aiki shekara biyu, amma jami'o'i da dama suna karɓar C6 na WAEC, to ka tambaya kafin ka biya kuɗin jarrabawa. Wajen biza akwai lambar CAS, wato shaidar samun gurbi daga jami'a, da gwajin tarin fuka, da kuɗin da dole su kwana 28 a jere a asusu. Ko kwana ɗaya suka gaza adadin da ake nema, ana iya ƙin ba ka. Tallafin karatu na gwamnatin Birtaniya, Chevening, yana neman gogewar aiki ta awa 2,800, da zaɓen kwas uku, da alkawarin dawowa gida na shekara biyu. Ka kuma leƙa wasu wuraren. A Amurka MFA galibi kiredit 60 ne, shekara biyu zuwa uku. A Indiya ana shiga M.Des, wato mastas na zayyana, na cibiyoyin fasaha na IIT ta jarrabawar CEED, akwai kuma Cibiyar Zayyana ta Ƙasa da ke Ahmedabad. Jamus ma, hukumar DAAD tana da tallafi na musamman ga masu zane da zayyana.

Tambaya: Na yi lisans a Nijar. Zan iya neman mastas a Najeriya? (Mai karatu daga Maraɗi)

Amsa: Za ka iya, ɗan'uwa, kuma takardar hidimar ƙasa ba ta shafi wanda ba ɗan Najeriya ba. Ka sa a fassara shaidar digirinka da tiransikirif zuwa Ingilishi a wurin mai fassara da hukuma ta amince da shi, sannan Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya da ke Abuja ta tantance matsayinsu. Lisans shekara uku ne, digirin Najeriya kuma huɗu ko biyar, don haka sashe na iya cewa ka fara da PGD. Ka rubuta wa shugaban sashen tun kafin ka sayi fom, ka haɗa da kwafin takardunka da fotfoliyonka, ka nemi amsar a rubuce. Ka kuma fara ƙarfafa Ingilishinka tun yanzu, domin da shi za ka rubuta kundin, da shi kuma za ka kare shi.