Yaron shago da saƙon da ke bauɗewa

Alhaji, ka ce yaronka na shago a Kantin Kwari kullum sai ya kai kaya ba daidai ba, alhali da bakinka ka faɗa masa. Ni ma na sha wannan.

Tun 1948 wani masanin lissafi, Claude Shannon, ya yi bayanin yadda hayaniya ke gurɓata saƙo a hanya. To, ina hayaniyar da ta kai ta Kwari da azahar? Janareta na ruri, 'yan dako na ta "gafara dai", kai kuma kana waya kana jefo masa umarni uku a jere.

Ja shi gefe, ka faɗi abu ɗaya: atamfa turmi biyar, tashar Unguwa Uku, motar Zariya. Sannan ya maimaita maka da bakinsa. Kada ka ce "ka gane?", don yaron da ya tashi da kunyar manya "to" kawai zai ce. Adadi da lambar waya kuwa, a rubuta.

Nawa kuskuren, na daka wa yarona tsawa a gaban masu saye. Daga ranar ya daina tambayata, sai kame-kame.

In ko a wuri shiru ma sai ka nanata, kai shi likitan kunne ya duba.