Rumfar gada ba kauci ba ce

Tambaya daga Gumel: Malam, a bayan garinmu akwai wani tsiro kamar zare, ruwan ɗorawa, yana lulluɓe sabara da geza har ba a ganin ganyensu. Wasu sun ce kauci ne, wasu sun ce rumfar gada. Wanne ne daidai?

Rumfar gada ce, ɗan'uwa. Gadar kuma ta daji ake nufi, wadda maharba ke bi, domin na taɓa jin wani ɗan boko yana bayani wai gadar da mota ke hawa ce. A rubuce kalmomin iri ɗaya ne, amma a baki karin sautinsu ya bambanta, kuma duk wanda ya tashi cikin Hausa kunnensa ya san haka. A ganina sunan ya fito daga yadda zaren ke saƙa rufi a kan ƙananan itatuwa, ya bar inuwa a ƙasa daidai wadda 'yar dabba mai tsoro za ta laɓe.

Abin da ke damuna shi ne yadda yanzu duk tsiron da ya hau wani sai a ce masa kauci. Kakanninmu ba su yi wannan kasala ba. Kauci yana da ganye sosai, yana zama dunƙule a reshe, bai taɓa sanin ƙasa ba. Tsuntsu ne ke cin 'ya'yansa, irin mai danƙo ya liƙe a reshe, ya tsiro a nan. Shi ya sa masu magani ke kiransa da sunan uwar ɗakinsa: kaucin kaɗanya, kaucin ɗorawa, kaucin tsamiya. Ita kuwa rumfar gada daga ƙasa take tsirowa kamar kowane tsiro, ta miƙe tana lalube. Da ta kama wani icen sai ta nannaɗe shi, ta soka masa 'yan bakuna tana tsotson ruwa da abinci, saiwarta ta bushe, ta rabu da ƙasa ke nan. Ganyenta ya ƙanƙance har sai ka ƙura ido kafin ka gan shi. Masana tsirrai suna kiranta Cassytha filiformis, sun kuma sa ta a dangin kirfa da fiya, abin da ido ba zai taɓa gaya maka ba. Ba mu kaɗai ke da ita ba: tana cikin kurmin ƙasashe masu zafi da bakin teku, daga Fulorida ta Amurka har Ostireliya, inda yawancin 'yan'uwanta suke. Mai neman magani da ya tashi neman kauci aka miƙa masa wannan zaren, an cuce shi, kuma sakacin baki ne ya jawo.

Tambaya daga Maraɗi: Wuta-wuta da ƙuduji abu ɗaya ne?

Ɗaya ne, mai furen nan ja-ja da ke kama saiwar dawa da gero ta ƙarƙashin ƙasa. A riƙa sa wa ƙ ɗin lanƙwasarta, don Allah.

Tambaya daga Zariya: "Ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido" ko "tsole"?

Duka biyu ana faɗa, bambancin gari ne. Tambayi manomin da ya bar ƙuduji ya zubar da iri a gonarsa: irin kamar ƙura yake, amma yana iya kwana a ƙasa fiye da shekara 10 yana jiran dawa.