Fis Ya Ƙone Sau Biyu A Injin Aikin Kwamfuta, In Ɗaure Shi Da Waya?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Injiniya. Ni tela ne a Tudun Wada, Gusau. Ina da injin aikin kwamfuta, wato mai yin adon zare a jikin tufafi, mai kai shida, ɗan Sin, mai kwamfutar kamfanin Dahao. Shekaranjiya muna tsakiyar aikin wuyan babbar riga a kan janareta sai firam ɗin da ke riƙe yadi ya daina tafiya hagu da dama, na ji ɗan ƙauri, fis ɗin akwatin ƙasa ya ƙone. Na sa sabo, ina kunnawa ya sake ƙonewa. Allon kwamfutar yana kawo wuta, zane ma yana buɗewa. Mai gyaran wutar unguwarmu ya ce a ɗaure wurin da wayar kofa, wato ta jan ƙarfe, wai kowa haka yake yi. Wanda ya sayar mini da injin kuma ya ce babban bod ne, wato faifan lantarkin da ke sarrafa injin, in turo kuɗi. Sallah saura mako biyu, shaddar mutane ta cika shago. Wallahi ko barci ba na iya yi.

AMSA: Wa alaikumus salam Malam. Allah ya kawo sauƙi. Kwantar da hankalinka, kar ka tura wa kowa ko kwabo tukuna. Tunda allo yana kawo wuta har zane yana buɗewa, babban bod da ransa, wutar 5V da yake ci ma tana zuwa. Inda nake zargi shi ne direban X, wato ƙaramin bod ɗin da ke ba da wuta ga motar lantarkin da ke tura firam hagu da dama, ko ita motar, ko wayar da ke tsakaninsu.

Amma bari in fara da maganar mai gyaran wutar nan, don ita ce ta fi tayar mini da hankali. Kada ka yarda ya ɗaure fis ɗin nan da waya, ko da kyauta zai yi maka. Mutanenmu sun ɗauka fis shi ne ciwon, idan an ƙarfafa shi an warke. Fis maigadi ne. Siririn ƙarfe ne da aka auna shi ya narke idan wutar da ke ratsa shi ta wuce ƙima, ya mutu don kayan ciki su tsira. Wanda ya ƙone sau ɗaya ana iya cewa tsufa ne ko wuta ce ta yi tsalle. Wanda ya sake ƙonewa da zarar an kunna kuwa shaida yake ba ka cewa akwai shot a ciki, wato wuta na bin hanyar da ba tata ba, kuma har yanzu yana nan. Ka sa wayar kofa, ka kori maigadi ka bar ɓarawo a ɗaki. Wayar ba za ta narke ba, sai layukan jan ƙarfen da ke jikin bod su narke a madadinta, wutar ta tsallaka cikin fawa saflai, wato bod ɗin da ke raba wa injin wuta, daga nan ta iya kai wa ga babban bod ɗin da yanzu lafiyarsa ƙalau. Gyaran taransisto (ƙaramin makunnin lantarki a jikin bod) ɗaya ko biyu sai ya koma sayen bod uku.

Kusan kowane mako sai an kawo mini irin wannan, daga Ƙaura Namoda, daga Talata Mafara, har daga Jega. Na ga fis da aka naɗe da takardar azurfa ta kwalin sigari. Na ga wanda aka cusa wa guntun ƙusa. In ka tambaya sai a ce ai haka ake yi wa katawut ɗin gida. To ko a gidan ma ganganci ne, gobara nawa ya haddasa, balle a shagon da ke cike da shadda, zare da man keke. Kayan da ke rataye a shagonka amanar mutane ce, wani wata uku ya yi yana tara kuɗin yadin nan. Haka masu sa fis mai lamba babba, a cire na amfiya 5 a sa na 15, duk kanwar ja ce. A jikin hular fis akwai rubutu: adadin amfiya, 250V, da harafin T ko F. T mai jinkiri ne, F mai saurin yankewa. Irinsa sak za ka nema.

Yanzu ga abin yi. Kashe injin, zare filogi daga bango, ka ba shi kamar minti goma. Manyan kafasitocin ciki suna riƙe wutar da ta kai 310V bayan an kashe, don haka a auna su da mita kafin hannu ya shiga. Tura firam da hannu hagu da dama ka ji ko yana cijewa, don zare da ya naɗe ko busasshen reli yana sa mota ta ja wuta fiye da ƙima. Bi wayar motar X daga farko har ƙarshe, musamman inda take gogar ƙarfe. Ɓera ma ba ya raina ta. Sai a zare soket ɗin motar daga direba a auna koyil ɗinta, wato naɗe-naɗen wayar da ke cikinta: ya kamata awon ya zo daidai da juna, kuma kada ko ɗaya ya haɗu da jikin motar. Idan mota da waya sun fita lafiya, a ciro direban a duba taransistocin da ke manne da ƙarfen sanyaya, da kafasitar da kanta ya kumbura. Ƙaurin da ka ji galibi daga nan yake.

Wasu za su ce ka musanya direban X da na Y, mai tura firam gaba da baya, ka gani. Dabara ce mai kyau, amma bayan an auna mota. In motar ce ta yi shot, direba na biyun ma za ta cinye. Kuma kada a taɓa zare soket ɗin mota injin yana kunne.

Sai janareta. Ina kyautata zaton a kansa kuke guga, ko kuma an juya canjin wuta injin yana aiki. Duk lokacin da dutsen guga ya kama ko ya saki, wutar janareta takan yi ƙasa ta yi sama, direbobi kuwa ba sa jure wannan. Ka ware wa injin layinsa, ka sa masa sitabilaiza, ka kafa masa wayar at (mai zubar da wuta cikin ƙasa) ta gaskiya a ƙasa mai danshi, sannan a riƙa kashe shi kafin a tayar da janareta ko a kashe. Fankar akwatin ma ka duba ko tana juyawa, don ƙurar hunturu da ɓurɓushin zare suna toshe ta, ga zafin Gusau da ke haura digiri 40 a bazara.

Idan direban ne, wanda ya san aiki zai iya gyara shi a yini ɗaya, in kuma ya ci wuta sosai a nemo irinsa daga Kano. Ka ɗauki hoton lambar da ke jikin bod ɗin ka tura, kar ka saya da kwatance.