Amsar tambayar Anti: littafin da ya sa ni jin ƙishirwa

Assalamu alaikum jama'ar gida, barkanmu da dare. Ku yi mini haƙuri murya zan yi, don abin da ke bakina ya fi ƙarfin a danna shi da yatsa, kuma sai yanzu yara suka kwanta na samu sukuni. Anti, tun shekaranjiya kika ce kowa ya faɗi littafin da ke hannunsa da yadda ya same shi, musamman irin na almara da ƙagaggun labaran kimiyya. Malam, na kuma saurari muryarka, inda ka ce irin waɗannan littattafai ƙarya ce tsagwaronta, gara mutum ya ba tarihi lokacinsa. Sai ƙanina da ya ce shi littattafan yaƙi namu na Hausa sun wadatar da shi. To, duk ku ukun zan haɗa ku a amsa ɗaya.

Abin da ke hannuna yanzu shi ne Dune, na wani Ba'amurke, Frank Herbert. Tsohon littafi ne, tun 1965 ya fito. Na san da yawanku fim ɗin kuka kalla, wanda aka yi kashi na farko a 2021, na biyu a 2024. Ni ma fim ɗin na fara gani, kuma wallahi da na buɗe littafin sai na tarar an bar abu mai yawa a baya. Yau sati uku ke nan ina binsa a hankali, na wuce rabi sosai, saura kaɗan.

A taƙaice, yaro ne ɗan shekara 15, Paul, ɗan gidan sarauta. Sun taso a wata duniya mai teku da ruwan sama, sai babban sarki ya tura mahaifinsa ya riƙe wata duniya daban, Arrakis, wadda hamada ce zalla, ba a taɓa ruwan sama a cikinta ba. A nan kaɗai ake samun wani sinadari da in babu shi jiragen da ke yawo tsakanin taurari ba za su iya tafiya ba. Kun ga ke nan kowa idonsa na kanta. Akwai manyan tsutsotsi a ƙarƙashin rairayi masu haɗiye injin sukutum, akwai cin amana, akwai yaƙi. Amma duk ba wannan ne ya kama ni ba. Ruwa ne ya kama ni.

Bari in ba ku wuri ɗaya. Da suka sauka a gidan sarautar, akwai bishiyoyin dabino guda 20 a ƙofar gida, mutanen gari in sun zo wucewa sai su tsaya suna kallonsu. Mahaifiyar yaron ta ɗauka sha'awa suke yi. Sai likitan gidan ya fahimtar da ita cewa lissafi suke yi: kowane dabino yana shan lita 40 a rana, mutum kuwa lita 8 ta ishe shi, don haka dabino ɗaya mutum biyar ne, ashirin ɗin nan ran mutum ɗari ke nan. Ina zuwa nan na ajiye littafin. Na leƙa tsakar gida inda jarkokin da ɗan garuwa ya kawo mana da safe suke a jere, na yi nawa lissafin. Jarka lita 25 take ci. Wato bishiyoyin nan kullum sai sun sha jarka 32, a garin da mutum ke neman abin da bai kai sulusin jarka ba. Malam, don Allah ka gaya mini, wace ƙarya ce a nan? Sunan garin ne ƙirƙira. Amma wannan kallon da talaka ke yi wa lambun mai kuɗi a lokacin bazara, ai ni da kai mun san shi.

Kuma marubucin bai taɓa sakin wannan igiyar ba, shi ne abin da ya burge ni. Mutanen hamadar, Fremen, suna sa wata riga mai rufe jiki ruf, tana tara gumi da fitsari da tururin numfashi, ta tace su, mutum ya sake sha. Shugabansu ya zo gaban mahaifin Paul ya tofa yawu a kan tebur, dogarai suka zabura za su sare shi, sai aka ce a tsaya, ai girmamawa ce, ruwan jikinsa ya ba ka kyauta. In mutum ya mutu, naman jikinsa nasa ne, ruwan jikinsa kuwa na jama'a ne, sai an tatse an auna. Lokacin da Paul ya kashe wani a fito-na-fito, an auna ruwan mamacin lita 33 da 'yan kai aka damƙa masa. Ya yi kuka a wurin jana'izar, mutane suka riƙa zuwa suna taɓa fuskarsa cikin mamaki, don a wurinsu zubar da hawaye saboda mamaci kyauta ce da ba kowa ke iya yin ta ba.

Nan fa na tuna kakata, Allah ya jiƙanta. A ƙauyenmu can arewa da Daura, in bazara ta yi tsanani rijiya takan ja baya, mata su yi sammako da tuluna, guga ya dawo da rabi laka. Ita kaka ba ta taɓa yin alwala a ƙasa ba. Tasa take ajiyewa a ƙarƙashin hannunta, in ta idar ta ɗauki tasar ta kai gindin zogalen da ke bayan ɗaki ta zuba. Ruwan da aka wanke gero da shi na awaki ne. In yaro ya ɗebi moɗa ya sha rabi ya watsar da sauran, ranar sai ya ji a jikinsa. Muna yara muna ganin tsanani ne. Sai ga shi wani mutum a Amurka, wanda ya fara wannan tunani bayan ya je kallon tudun rairayi a jihar Oregon a 1957, ya zauna ya gina al'umma guda a kan abin da kaka ke yi da tasarta. Shi ya sa na yarda da labarinsa, har da tsutsotsin.

Amma ba zan ɓoye muku ba, akwai inda ya sosa mini rai. Littafin cike yake da kalmominmu na addini: Mahdi, jihadi, Lisanul Gaibi, da su Mu'addib. Ya ɗebo daga Larabci, ya ɗebo daga tarihin Musulmin yankin Kaukasus da suka yaƙi Rasha a zamanin Imam Shamil. Wani wurin za ka ji ya yi amfani da su cikin mutunci, wani wurin kuma kamar ado kawai ya yi da su, kamar wanda ya ga rubutun allo ya burge shi ya rataye a falo bai san me aka rubuta ba. Sannan a labarin, wata ƙungiyar mata ce ta shuka wa mutanen hamadar zancen zuwan mai ceto tun ƙarnoni da suka wuce, don ranar da wani nasu zai buƙaci mafaka. Ga baƙo ɗan sarauta ya zo ya hau kan imanin talakawa ya kai ga mulki. Abin da ya ɗan sanyaya mini zuciya shi ne marubucin bai nuna wannan a matsayin alheri ba. Shi kansa yaron yana hango jinin da za a zubar da sunansa, yana tsoro, amma ya ci gaba. Duk da haka, wanda zai ba ɗansa matashi wannan littafi, ya zauna su tattauna, kada ya miƙa masa ya juya baya.

Kafin shi na karanta Noor na Nnedi Okorafor, wanda ya fito a 2021. Ita a Amurka aka haife ta, iyayenta Ibo ne, kuma ita ce ta rubuta Binti da ya ci manyan kyaututtukan nan biyu, Hugo da Nebula. Noor a ƙasarmu yake faruwa, nan gaba kaɗan. Wata mata ce makanikiya da aka sa wa ƙafafu da hannu na ƙarfe, rikici ya afka mata a kasuwa a Abuja, ta gudo arewa, ta haɗu da wani makiyayi Bafulatani da shi ma ake nema, da sauran shanunsa biyu. Akwai wata guguwar rairayi da ba ta tsayawa, akwai wani babban kamfani da ya mallake komai har da iskar. Na ji daɗi ƙwarai ganin Bafulatani a matsayin mutum mai hankali da tausayi, ana yi masa ƙazafin ta'addanci yana ɗauke da shi. Wannan ta kyauta. Sai dai ina karantawa ina jin kamar daga tagar mota ake nuna mini arewa. Ban ji ƙamshin ruga ba, ban ji yadda makiyayi ke magana da dattijonsa ba. Ƙarshen ma ta yi sauri da yawa, matsalar da aka ɗauki littafi guda ana ɗaurewa sai aka kwance ta a 'yan shafuka. Ku karanta, ya cancanta, gajere ne kuma. Amma wannan labarin namu ne ya kamata a ce wani daga cikinmu ya rubuta.

Yawwa, ƙanina, na zo kanka. Kada ka ɗauka raina littattafan yaƙi nake yi. Ni ma na yi zamanin da nake karɓar hayar na Abdul'aziz Sani Madakin Gini, in kwana ban rufe ido ba. Su suka koya wa da yawanmu son karatu, wannan ba abin musu ba ne. Abin da ya sa na ja baya da irinsu, sadauki zai yi tafiyar kwana arba'in a daji, ba a ce ga abin da ya ci ba, ba a ce ga inda ya sha ruwa ba, dokinsa bai gaji ba. Ya shiga dakaru dubu ya yi ta sara da suka ya fito ba ko ƙwarzane. In an rutsa shi, sai ga wani zobe ko wani aljani da ba a taɓa ambata ba ya zo ya fid da shi. To in na san komai zai faru ba abin da zai same shi, me zai sa gabana ya faɗi? Ba aljanin ne matsalata ba. A sa aljanu ɗari ma. Amma a gaya mini me aljanin nan ba ya iyawa, me boka ke biya kafin tsafinsa ya ci, kuma in an kafa wannan doka kada a karya ta don a ceci jarumi. Herbert ya ce babu ruwa, kuma har inda na kai bai bar kowa ya sha kyauta ba, ko da ɗan sarki ne.

Malam, ka ce abin Turawa ne. A nan kam ban bi ka ba. Gasar da aka yi a 1933 wadda ta haifar da littattafan zube na farko a boko, me ta fitar? Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, mutum ya bar gida ya shiga duniya neman ruwan da zai warkar da ɗan sarki, har ƙasar aljanu. Ga Ganɗoki na Bello Kagara, wanda ya fara da yaƙin Turawa na gaske ya zarce cikin aljanu. Daga baya ga Iliya Ɗan Maiƙarfi na Ahmadu Ingawa. Kai, a 1969, shekarar da ɗan Adam ya taka wata, Umaru Dembo ya fitar da Tauraruwa Mai Wutsiya, inda aka ɗauki yaro Kilba aka yi sama da shi yana ganin abubuwan da ke sararin samaniya. Da Hausa fa. Ƙaramin littafi ne, na karanta shi ina makarantar sakandare, kuma shi ne farkon abin da ya sa na fara ɗaga kai da dare ina tambayar mene ne waɗancan fitilun. Tarihin da kake so mu karanta, ai ban ƙi shi ba. Dune ɗin ma shi ya sa na je na nemi labarin Imam Shamil, wanda da ban san da shi ba.

Abin da ke damuna shi ne bayan Umaru Dembo ba mu bi wannan hanya da ƙarfi ba. Ga Tafkin Chadi ya janye ya bar masunta a kan tudu, ga hamada na cin gonaki, ga matasanmu na ratsa Agadas suna mutuwa da ƙishirwa a hanyar Libiya. Wanda ya san sunan kowace irin iska, ya san bambancin hunturu da bazara a fatarsa, ya san yadda ake rabon ruwa a bakin rijiya tsakanin manomi da makiyayi, in ya zauna ya ƙaga yadda Kano ko Damagaram za su kasance bayan shekara ɗari, ai ba wanda zai kamo ƙafarsa. A cikin gidan nan akwai masu rubutu, na san aƙalla mutum uku da ke sakin labari shafi-shafi. Don Allah ɗaya ya gwada. Ni na yi alkawari zan karanta tun daga shafin farko, in faɗi gaskiyar abin da na gani.

Anti, na ja da yawa, a gafarce ni. Dune ɗin na takarda ne, in Allah ya kai mu Asabar zan gama, sai in taho miki da shi in za mu gidan suna. Turancinsa yana da ɗan nauyi a shafuka hamsin na farko, ki daure, akwai ma'anar baƙin kalmomin a ƙarshen littafin, ki riƙa leƙawa. Sannan don Allah duk wanda ke da Tauraruwa Mai Wutsiya a gida, ko ya san shagon da ake samunsa, ya yi mini magana ta gefe. Nawa ya ɓata tun ƙaurar da muka yi, kuma babbar 'yata ta kai shekarun da nake so ta karanta shi. Sai da safenku.