Za mu iya gyara zauren unguwa da hannun matasan da muke koya wa sana'a?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ƙungiyarmu tana da wani tsohon zauren taro na unguwa. Rufin yana yoyo, bango ya tsattsage, tagogi sun ɓalle, wayarin ya lalace. A gefensa kuma akwai matasa da suka bar makaranta suna zaman kashe wando, wasunsu har sun fara shaye-shaye. Wasu a cikinmu sun ce mu ba ɗan kwangila ya gama cikin wata biyu. Ni kuma ina ganin mu sa matasan su yi aikin, su koyi sana'a a kai. Hakan zai yiwu? Ta ina za mu fara?

Amsa: Wa'alaikumus salam. Zai yiwu, Malam, kuma ba ku ne farau ba. Sai dai masu maganar ɗan kwangila suna da gaskiya a wuri ɗaya: aikinsa zai fi sauri, kuma ba lallai ne naku ya fi sauƙin kuɗi ba. Mai koyo yana ɓarnar siminti, yana yanka katako ba daidai ba, bulon da ya jera yau ana iya sauke shi gobe. Idan zauren kaɗai kuke buƙata, ku kira ɗan kwangila. Idan kuwa matasan ne suka hana ku barci, to a kansu za ku tsara komai, ku haƙura zauren ya yi jinkiri.

A shekarar 1978, a unguwar Harlem ta Gabas da ke birnin New York, wata malamar makaranta mai suna Dorothy Stoneman ta tambayi matasan unguwar abin da za su gyara in da za a mara musu baya. Suka ce gidajen da aka yi watsi da su. Daga nan shirin YouthBuild ya samo asali. Yana ɗaukar 'yan shekara 16 zuwa 24, yawancinsu waɗanda ba su gama sakandare ba, yana raba musu lokaci tsakanin aji da wurin gini. A Sifaniya kuma, a 1985, aka soma makarantun da ake kira Escuelas Taller, inda matasa marasa aiki suka koyi sassaƙar dutse, kafinta da ƙira a kan wani tsohon gidan ibada a garin Aguilar de Campoo. Daga baya tsarin ya tsallaka zuwa biranen Latin Amurka irin su Cartagena da Havana. A Sifaniya an riƙa farawa da wata 6 na koyo tare da ɗan alawus, sannan a ba matashi takardar aiki da albashi.

Kada dai ku ɗora wa shirin abin da ba zai iya ɗauka ba. Wani babban bincike da aka yi kan YouthBuild, wanda ya bi matasa kusan 4,000 har shekara 4, ya nuna an samu ƙarin masu kammala karatu da masu shiga kwaleji, kuma matasan da kansu sun ba da rahoton ƙarin samun aiki. Amma bai ga bambanci ba wajen faɗawa hannun hukuma. Riƙe guduma shi kaɗai ba ya sauya hali. A Monrovia, babban birnin Laberiya, an gwada wani abu da samari kusan 1,000 masu harkar sata, ƙwaya da faɗan titi: wasu aka ba su kuɗi, wasu zaman gyaran hali na mako 8, wasu duka biyun. Tasirin kuɗi kaɗai ya dushe kafin shekara. Waɗanda suka haɗa biyun su ne laifinsu ya fi raguwa, kuma raguwar ta ɗore. Don haka bayan masu sana'a, kuna buƙatar mutum ɗaya wanda aikinsa shi ne matasan: ya san gidan kowa, ya bi sawun wanda bai zo ba, ya zauna da su kan fushi, bashi da abokan banza. Wanda kuma shaye-shayensa ya yi nisa, likita yake buƙata kafin cokalin gini.

Farkon aiki shi ne ku kawo injiniya ya duba ginin tun kafin matashi ko ɗaya ya taka ciki. Tsagar da ta tsaya a filasta daban, wadda ta ratsa bulo ta gangara a karkace daga kusurwar taga daban. Ta biyun tana iya nufin harsashi ne ke nutsewa, wannan kuwa ba aikin ɗan koyo ba ne. Ku sa ya duba rufi da silin ko na asbesto ne, domin idan aka fasa shi ko aka yanka shi da zarto, ƙurarsa tana maƙalewa a huhu ta haddasa ciwon daji bayan shekaru masu yawa. Tsohon fenti ma yana iya ɗauke da dalma, kankare shi a bushe shaƙar guba ne. Waɗannan, da haɗa wuta da babban layi, ku bar wa ƙwararru masu lasisi. Ku kuma tantance shekaru. Yarjejeniya mai lamba 182 ta Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, ta 1999, ta hana sa wanda bai kai 18 ba aiki mai haɗari. Ƙananan su tsaya a ƙasa, a kan awo, fenti da haɗa benci, ban da hawa rufi.

Abin da ya rage kuwa makaranta ce guda. Gyara ya fi sabon gini koyarwa, don a ɗaki ɗaya matashi zai ga aikin birkila, kafinta, mai walda, mai famfo da mai fenti, ya ga kuma yadda kowanne ke jiran ɗan'uwansa. A fara da rufi a tsayar da ruwa, sai bango, sai bututun wuta da na ruwa, sannan filasta, daɓe, fenti a ƙarshe. Wanda ya yi filasta kafin a binne bututu zai dawo ya fasa da hannunsa, kuma ba zai sake mantawa ba. Makonnin farko kowa ya zagaya ya taɓa komai, daga nan ya zaɓi sana'a ɗaya ya tsaya a kanta.

A nan ne ma karatun da suka gudu daga gare shi yake dawowa ta bayan gida. Ka ba matashi tef ka ce ya fitar da kusurwa: ya auna santimita 60 a gefe ɗaya, 80 a ɗaya gefen, idan tsakanin alamomin biyu ya ba da 100 cif, kusurwa ta miƙe. Lissafin da aka yi ta fama da shi a allo ke nan, ga shi ya shiga cikin minti biyar. Haka kwaɓin kankare na 1:2:4, siminti ɗaya, yashi biyu, tsakuwa huɗu, da mazubi iri ɗaya, ba da ƙiyasin shebur ba. Ban ruwa kuma yana koyar da haƙuri: a jiƙa zubi aƙalla kwana 7, ƙarfin da ake auna shi da shi sai kwana 28. Kowa ya riƙe ɗan littafin da yake rubuta kayan da aka kashe da abin da ya yi a yini, domin wanda bai iya fitar da lissafin kayan aiki ba zai daɗe yana leburanci a ƙarƙashin wani.

Inda irin wannan shiri ya fi mutuwa shi ne wajen zaɓen mai koyarwa. Gwanin da ba shi da haƙuri zai ƙwace cokali ya yi da kansa, matasa su koma ɗaukar bulo da kwaɓa siminti har a gama. Zaure zai yi kyau, ba wanda ya koyi komai. Ku biya shi a kan koyarwa, kada ku biya shi a kan yawan bulon da aka jera, kuma a ganina kada ya riƙe fiye da mutum shida ko bakwai. Su ma matasan a ba su alawus, ko kaɗan ne, a rana tsayayya ba tare da saɓawa ba. Wanda ke neman na yau ba zai yi wata shida yana aikin kyauta ba, kuma idan kuka saɓa sau ɗaya, sai su ce dama sun san za a rina. Hular kwano, takalmi mai tauri, safar hannu da kayan agajin gaggawa su shiga kasafi tun farko. Dokokin wuri su zama kaɗan, a rubuta su tare da su. Wanda ya zo a buge ba zai taɓa kayan aiki ba ran nan, amma gobe ƙofa a buɗe take. Kora tun a kuskuren farko tana mayar da shi inda kuka ɗauko shi.

Sai maganar bayan yaye, kuma ba a fafe gora ranar tafiya. Tun aiki yana rabi ku riƙa gayyato 'yan kwangila da masu shagunan sana'a su ga hannun kowa. Ku nemi hukumar da ke gwajin sana'a a ƙasarku ta jarraba su, don takardarta ta fi ta ƙungiyarku nauyi a wajen mai ɗaukar aiki. Kowa ya fita da kayan aikinsa na farko da hotunan abin da ya yi. Kula da zauren, daga canza fitila zuwa toshe yoyo, ku ba biyu ko uku daga cikinsu a rubuce, da biya. Mai kula da matasan nan kuma kada a sallame shi ranar buɗe zaure. Ya ci gaba da bibiyarsu aƙalla shekara guda, kuma albashinsa na wannan shekarar ku ware shi tun kafin ku sayi buhun siminti na farko.